Batana a Ƙafar Ƙofarmu

Ɗana ya kawo mai walda ya auna bakin ƙofar gidanmu. Ina tsakar gida ina tsintar wake na ji su, suna magana ƙasa-ƙasa da Larabci wai don kada tsohuwa ta gane, sai ka ce ba a garin nan aka binne cibiyata ba. Ƙofar ƙarfe za a sa mini, mai zanen furanni, irin wadda ake fesa wa fenti da inji a gama kafin shayi ya huce. Layinmu duka ya koma haka. Da yamma in mutane suna dawowa gida ba ka jin komai sai garam, garam, ba ka san ta wane ce aka rufe ba. Da can kuwa kowace ƙofa da muryarta. Ina kwance a ɗaki nakan san maƙwabcinmu mai buga bulo ya fita aiki, domin tasa sai ta yi kuka sau biyu kafin ta buɗe. Ta matar da ke toya kisra, wainar mutanen nan mai faɗi, jan ƙasa take yi. Tamu kuma nishi take, nishi mai nauyi irin na dattijon da ya tashi daga zama. Katakon bagaruwa ce, wadda mutanen nan ke kira sunut, kaurinta ya kai yatsu uku. Na bar su suka gama awonsu, ni kuma na ture faifan waken gefe, don zuciyata ta riga ta tafi wani wuri.

Mu jikokin mahajjata ne. Kakana ya bar ƙasar Hausa da ƙafa, da jaki ɗaya da matarsa, ya nufi Makka. A hanya aka haifi Baba. Suka yi noma a wancan gari, suka yi ɗinki a wancan, har suka iso bakin kogin Nilu, wani lungu a gefen Aljirif inda ake buga jan bulo. Kakana ya ce a tsaya a yi aikin rani ɗaya, a tara guzuri a wuce. Yana nan kwance a maƙabartar da ke bayan wuraren gasa bulo. Baba ya gaji gidan, ya gaji allunan, ya gaji maganar. Duk wanda ya ce masa, "Malam, nan ne gida?" sai ya ce, "A'a, mu kan hanya muke." Gemunsa ya yi fari fat yana faɗin haka. Mutanen garin nan kowane dattijo "ya hajj" suke ce masa, amma Baba bai taɓa barin ta ta wuce ba, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ban je ba tukuna." A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin kwano, a ciki akwai harami, fararen yadi biyu da ya saya tun kafin a haife ni. Duk shekara in watan aikin hajji ya kama sai ya fito da su ya shanya a igiya, su sha iska, ya ninke ya mayar. Ba ya shuka itace a tsakar gida, ba ya yarda a yi daɓen siminti. Fenti kuwa ko da wasa kada ka ambata masa. Ba dariya nake yi masa ba. Muna yara mun yi taƙama da wannan magana, muna ganin sauran mutane zaune kawai suke, mu ne muke da inda za mu.

Lokacin da sojoji suka karɓi mulki ina gidan, na dawo da 'ya'ya biyu bayan rasuwar mijina. Inna ta riga ta rasu da wasu shekaru. Yayyena maza, ɗaya yana gonakin auduga, ɗaya ya bi hamada neman aiki, sai wasiƙa jefi-jefi. Ni ce macen gidan, ni ce namijin. Ina soya gyaɗa da yashi ina kaiwa bakin titi. Zamanin layi ne, layin burodi, layin sukari da kati a hannu, layin kananzir, kuma a kan layin ake jin duk wani labari. A can na fara jin cewa za a tsara unguwarmu. Gidan da aka rubuta mazauni za a bar shi a ba shi lamba. Wanda aka rubuta ɗan share-wuri-zauna za a loda masa kayansa a mota a kai shi can bayan Umbadda, inda babu ruwa babu inuwa. Mun ga an yi wa wasu unguwanni, ba tatsuniya ba ce. Mu kuma da suke kira Fallata, ko da wane yare muke yi, kullum muna kusa da bakin alƙalami. Matar kisra ta rantse mini cewa masu rubutun ba sa shiga gida, daga ƙofa suke yanke hukunci. Ko gaskiya ne ko ƙarya, oho. Cikin mako guda dai layinmu ya zama shuɗi da kore. Ƙofarmu kaɗai ta rage toka-toka, duk ta tsattsage, ƙasanta ya yi baƙi saboda danshin da ke tasowa in kogi ya cika da ruwan da ke kwanciya a bakin zaure. In ka sa farce a wurin shiga yake yi kamar cikin burodi.

Na same shi yana duba littafi, na durƙusa na ce, "Baba, zan shafa wa ƙofa fenti."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba a gidana ba."

Na ce, "Ashe gida ne? Ai na ji kana cewa zango ne."

Sai da ya ɗago. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, amma bakina ya riga ya buɗe. Na ce, "In sun zo suka tambaye ka, me za ka ce musu?"

"Abin da ubana ya ce."

"To za su taya ka tafiyar, har mota za su ba ka. Sai dai yamma za su yi da kai, Baba, ba gabas ba."

Ya rufe littafin ya ce in tashi in ba shi wuri. Har yau ina nadamar muryar da na yi maganar da ita. Maganar kanta ban yi nadamarta ba.

Na sayar da 'yan kunnena na sayo gwangwanin koren fenti da buroshi. An yi ruwan farko da yamma, washegari da safe na fito na hau shafawa, a kan ƙura, a kan tsaga, a kan ruɓa, na lafta shi da kauri don in ga ya rufe komai. Wallahi kwana uku ƙofar nan ta fi ta kowa kyau, har fita nake yi ba dalili don in dawo in kalle ta. A kwana na huɗu rana ta buɗe sosai, fentin ya fara tashi bororo-bororo. In ka fasa ɗaya sai ruwa ya fito. Kafin mako ya zagayo yana saɓulewa kamar fatar wanda ya ƙone, ƙofar ta fi da muni. Baba zai tafi masallaci ya tsaya, ya taɓa wani bororo da bakin sandarsa, ya ce, "Kin gani? Ita ma ba ta son zama." Na shiga bayan madafa na yi kuka, ba na baƙin ciki ba, na haushi.

Maƙwabcinmu mai bulo ne ya ce in je Omdurman, bakin kogi, inda ake sassaƙa kwale-kwale da irin wannan katako, in nemi wani tsoho mai ido ɗaya. Na ɓalle guntu daga ƙasan ƙofar, na haɗa da ɓawon fenti, na ƙulle a bakin mayafi. Mota biyu na shiga, na ƙetare gada. Tun daga nesa kake jin gizago yana sara, da guduma tana bin kan ƙusa, ga warin kwalta da ɗanyen itace. Tsohon yana zaune a inuwar wani jirgi da ba a gama ba. Ya karɓi ƙullin, ya shinshina, ya yi dariya har yana tari.

Ya ce, "Ya bitti," wato 'yata, "ruwa kika kulle a ciki kika sa masa riga. Ta ina kike so ya fita?"

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu kamar almajira a gaban malami. A kankare fentin duka sai an ga fuskar katako. A ƙwaƙule duk inda ya ruɓe har a kai ga mai tauri. A gurje da sanfara, takardar nan mai yashi, ana bin tsawon itacen ba a gicciye shi ba. A bar shi ya sha iska a inuwa, kuma da sassafe in ɗora tafin hannu, in na ji sanyi mai laima to bai bushe ba, kada gaggawa ta ruɗe ni. Sannan a cike tsaga da ma'ajun, ƙullin alli da mai. Sannan batana. Ya nuna mini wani gwangwani mai abu ja-ja kamar manja, ya ce wannan ita ce ta ciki, kamar shafin riga, ba wanda zai gan ta amma ita ke riƙe ta waje. Shafin farko a tsinka shi sosai don katako ya sha. Ya ce, "Kuma ki cire ƙofar daga inda take. Ruwa ba ta fuska yake shiga ba, ta ƙafa yake hawa, ta wurin da aka yanke itacen, wurin da ke kallon ƙasa. Kowa fuska yake shafawa. Ke ki ba ƙafar batana sau uku."

Har na miƙe sai ya ce in tsaya. Ya sa wuƙa ya fere guntun da na kawo, ya nuna mini cikinsa. Daga sama da ruɓar katakon ya yi duhu, ya yi tauri, yana ɗan maiƙo. Ya ce, "Wa ke ba ta man riɗi? Shekaru aka yi ana ba ta. Da ba don haka ba da tuni ta zama taki. An daina ne, shi ya sa ta fara mutuwa."

A cikin motar komawa na tuna. Duk shekara gab da damina, ranar Juma'a in Baba ya tafi masallaci, Inna takan durƙusa a bakin zaure da tsumma da ɗan kasko, tana cusa hannu ƙarƙashin ƙofa. In muka tambaye ta sai ta ce gara take kora. Matar da ba ta taɓa musa wa mijinta ba ko sau ɗaya a gabanmu. Na rufe fuska da mayafi har muka sauka.

Ni ma Juma'ar na jira. Baba na fita, maƙwabcinmu da ƙaninsa suka ɗaga ƙofar, suka kwantar da ita a kan bulo a inuwar katanga, a cikin layi, kowa na gani. Na rataya zana a bakin zauren. Gidan malami a buɗe, zana kaɗai tsakaninsa da titi, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan lokaci. Baba ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya shiga ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a bakin zauren ya zauna, ya zama shi ne ƙofar. Kwana huɗu a nan yake cin abinci, a nan yake karatu, in na gaishe shi da ka yake amsawa. Ni kuma ina gefe ina kankara da tsohuwar wuƙar Inna, kwat, kwat, koren da na sayar da 'yan kunne dominsa yana zuba ƙasa. Sanfara ta cinye mini fatar yatsu har ba na iya taɓa gishiri. Mata suna wucewa suna cewa, "Sannu kafinta," wasu da tausayi wasu da ba'a, ko a jikina. A hankali katakon ya fito, ja mai duhu, da zanensa kamar igiyar ruwa, abin da ban taɓa sanin yana ƙarƙashin tokar nan ba. Kullum da sassafe ina ɗora hannu. Ranar da na ji shi a bushe ƙayau na cike tsagogin, na shafa batanar farko, katakon ya shanye ta nan take kamar mai ƙishirwa.

Da hantsin kwana na biyar suka zo. Ina tsugune a ƙafar ƙofar da buroshi a hannu sai na ji layin ya yi tsit. Hafsan soja ne, yaro ne ma, bai kai ni shekaru ba, da baƙin tabarau. Bayansa masu rubutu biyu, da wani mutumin kwamitin unguwa wanda Baba ne ya koya masa alifun. Hafsan ya dubi zanar, ya dubi ƙofar a kwance, ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ga masu hankali, har sun fara kwashe kayansu." Ban taɓa kawo wannan a raina ba. A duk unguwar da katafila za ta shiga, ƙofa mutane ke fara cirewa don kada a murƙushe ta. Da hannuna na yi wa gidanmu alamar masu tashi.

Na miƙe na ce masa da Larabci gyara ake yi. Ya ce ba da ni yake ba, in sauke hannun rigata in rufe damtsena, ina mai gidan. Ya juya wajen Baba ya ce, "Ya hajj, ku mazauna ne ko masu wucewa? An ce mini ku da bakinku kuke cewa kan hanya kuke." Mutumin kwamitin ya sunkuyar da kai. Mai rubutu ya ɗaga alƙalami yana jira.

Na jira in ji "ban je ba tukuna." Bai faɗa ba. Ya dafa sanda ya miƙe, ya tako har inda nake, ya miƙo hannu. Na ɗauka jefar da buroshin zai yi, na ba shi. Sai ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya tsoma a gwangwanin, ya fara shafa wa ƙafar ƙofar, wurin nan da ba mai gani. Bai iya ba, batanar tana bin hannunsa tana ɗiga a farar rigarsa. Bai dubi hafsan ba ya ce, "Ubana yana bayan wancan hayaƙin. Matata tana kusa da shi. Wannan jan kwana biyu yake so ya bushe, koren kuma kwana uku. In kuna da magana da ƙofar nan, ku dawo ku same ta a tsaye."

Hafsan ya ce, "Tambaya na yi maka. Mazauni ko mai wucewa?"

Buroshin ya tsaya. Ya ce, "Rubuta mazauni."

Suka rubuta abin da suka rubuta, suka wuce gidan gaba. Baba bai tashi ba. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba, ni ma ban nuna na gani ba. Can sai ya ce da Hausa, a hankali, "Uwarki man riɗi take sa mata."

Na ce, "Ka sani, Baba?"

"Duk shekara in dawo daga Juma'a in ji ƙanshinsa a zaure. Ba ni da hanci ne?"

"Ba ka hana ta ba."

"Ban hana ta ba." Ya nuna da bakin buroshin. "Ga wuri nan kin tsallake."

Ba zan ce fenti ne ya cece mu ba, ƙarya ba ta kamace ni ba a shekaruna. Matar kisra, mai shuɗiyar ƙofa da ta fi ta kowa ƙyalli, an kwashe ta, sau ɗaya na sake ganinta a kasuwa ta rame kamar ba ita ba. Mu ma katafila ta zo ta ci zaurenmu da katangar gaba, wai hanya za ta bi. Muka ja baya muka sake gini da bulon da maƙwabcinmu ya ba mu, muka rataya ƙofar, koriya shar, da lamba a goshinta. Damina ta zo ta wuce, kogi ya cika ya koma, ko bororo ɗaya bai tashi ba. A wannan shekarar, da watan hajji ya kama, igiyar shanya ta kwana ba komai a kanta. Baba bai ƙara buɗe akwatin ba, bai kuma ƙara gyara wa kowa "ya hajj" ba. Ya rage fara'a, wannan na gani da idona, kuma na san da hannuna a ciki. Ni na buɗe akwatin ranar da ya rasu. A cikin haramin aka naɗe shi, aka fito da shi ta ƙofar nan, ta yi nishinta, aka yi gabas da shi taku kaɗan.

Tun daga nan duk bayan shekara uku ko huɗu sai na sa an sauke ta. Yanzu batanar ma ta canza, fara ce, ba ta da warin da, masu shago kuma in ka ce ta katako kake so sai su dube ka kamar ka tambayi sirdin jaki. Duk da haka ina samu.

Yau da safe mai waldar ya dawo da mutanensa biyu, da sabuwar ƙofarsu a bayan mota. Na bar su suka ɗaga tawa, don dama ina neman masu ƙarfi. Suna shirin jingine ta a bango na ce, "Ku kwantar da ita a kan bulon can, ƙafar ta kalli iska. Taku kuma ku mayar da ita mota."

Ɗana ya ce, "Yumma," haka ake kiran uwa a nan, "ƙarfe ba ya ruɓewa fa."

Na ce, "Tsatsa kuma ƙawarsa ce? Kai, a kan ƙafar ƙofar nan kakanka ya ajiye Makka don ka samu inda za ka kwana. Kana cikin gida a ranar kana cin gyaɗata. Ran da aka fitar da ni ta cikinta, ka sa ta zinare in ka ga dama."

Mai waldar ya kalli sama. Na miƙa wa ɗana sanfara. Yana can yana gurza, ina jin sa daga nan, kuma gicciye itacen yake yi. Bari in tashi.